Kafin ka ɗaure kayan yaran nan: amsa ga ƙanena

Assalamu alaikum ƙanena. Ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Saƙonka na murya ya same ni a hanyar dawowa daga aiki, sai da na saurare shi sau biyu. Na yi murna da fitowar takardunku, Allah Ya sa alheri ne ya kira ku. Magana biyu ka yi da suka hana ni ba ka amsa a tsaitsaye. Ka ce hankalinka a kwance yake game da yaran nan uku, tunda boko kyauta ne a Amurka. Ka kuma ce ka ji wai baƙaƙen fatar ƙasar ba su damu da karatu ba, shi ya sa 'ya'yan baƙi irinmu suke wuce su. Wannan ta biyun ni ma da ita na sauka Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, na daɗe ina riƙe da ita, har ta kusa cutar min da ɗa.

Batun kyauta gaskiya ne. Daga shekara biyar har aji 12 ba mai tambayarka kuɗin makaranta, ga motar ɗaukar yara har bakin layi. Tun 1982 ma Kotun Ƙoli ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda iyayensa ba su da takardun zama. Sai dai abin da ba a gaya maka ba shi ne, galibi adireshinka ne yake zaɓa wa ɗanka makaranta. Ranar da ka sa hannu a takardar haya, ranar ka zaɓi malamansa da abokansa. Ni da na zo, arahar haya na duba, da kusa da 'yan'uwa, da shagon da ake sayar da naman halal. Ko sunan makarantar unguwar ban tambaya ba. Kai kada ka yi haka. Ka fara neman makarantar, sannan ka nemi gida a yankinta, ko da ɗaki biyu ne za ku matsu a ciki.

Kuma bambancin unguwannin nan ba daga sama ya faɗo ba. A shekarun 1930 hukumar gwamnati ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, bankuna suka riƙa hana su bashin sayen gida. Sai a 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje. A ƙasar nan kuwa gida shi ne garken talaka, shi ake bar wa 'ya'ya gado, shi ake jinginarwa a biya wa yaro jami'a. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kuwa bai kai 45,000 ba. Ma'ana in ɗan wancan ya yi tuntuɓe akwai katifa a ƙasa, in ɗan wannan ya yi, sai dandamali. Kai ma a wannan layin za ka shiga: ga digiri a jaka, babu gado a nan, ga dangi a gida suna jiran aike.

Bari in ba ka labarin babban ɗana. Lokacin yana aji shida, ni kuma ina aikin dare a wani katafaren sito, in dawo da asuba in kwanta kamar gawa. Gidan da ke kallon namu akwai wata dattijuwa baƙar fata, tsohuwar malamar makaranta, kullum da yamma tana zaune a barandarta da tabarau a saman hanci. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, don ni a lokacin ina hana yarana sakewa da mutanen unguwar. Wata rana ta kira yaron ta ce ya nuna mata littafin lissafinsa. Ta buɗe shafi biyu uku, ta ba shi wata tambaya a bayan ambulan, ya amsa nan take. Sai ga ta ta tsallako titi da sandarta ta buga min ƙofa. Ta ce an ajiye yaron nan a ajin da bai kai ƙwaƙwalwarsa ba. Ta ce gobe in sa tufafina masu kyau, in je in nemi a nuna min makinsa na jarrabawar ƙarshen shekara, in kuma rubuta buƙatata a takarda in riƙe kwafi.

Na ji nauyin abin ƙwarai. Ka san yadda aka rene mu: in ka danƙa yaro hannun malam ka gama naka, komawa ka tuhume shi rashin kunya ne. Amma na je. Makin yaron na can sama, kawai ba wanda ya kula, ni ma da na haife shi ban kula ba. Aka mayar da shi ajin gaba. Daga baya na fahimci cewa wannan ɗan matakin na aji shida shi ke yanke irin lissafin da yaro zai kai gare shi a ƙarshen sakandare, shi kuma wancan shi ke buɗe ko rufe ƙofar karatun injiniya da likitanci. Ba ɗana kaɗai abin ya shafa ba, don a 2018 sai da jiharmu ta Karolina ta Arewa ta yi doka cewa duk yaron da ya ci mataki mafi girma a jarrabawar lissafi, dole a sa shi a ajin gaba.

A barandar matar nan na koyi tarihin da ya sa na ji kunyar maganar da kai ma ka maimaita. A 1830 jihar nan ta yi dokar da ta haramta koya wa bawa karatu da rubutu. A cikinta kuma Umar ibn Sa'id ya rayu, malami daga Futa Toro da aka kamo aka sayar, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta. Bayan an 'yanta bayi, abin da suka fara rugawa nema shi ne makaranta. Ita kanta dattijuwar a wata 'yar makarantar katako ta ƙauye ta fara, irin waɗanda ake kira makarantun Rosenwald. Booker T. Washington, fitaccen malami baƙar fata, shi ne ya shawo kan attajiri Julius Rosenwald, aka gina kusan guda 5,000 a jihohin kudu kafin 1932, kuma jiharmu ce ta fi kowace yawansu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, kuɗin da baƙaƙen manoma suka tara da kansu, da sayar da kaji da soyayyen kifi da aikin gayya, ya ɗara wanda attajirin ya bayar. Waɗannan ne ake ce maka ba su damu da karatu ba?

Jami'o'in da aka kafa musu mu ma sun yi mana rana. A Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania Azikiwe da Nkrumah suka yi karatu. A nan garin muna da jami'ar A&T, wadda aka kafa a 1891, ita ce mafi girma a jami'o'in baƙaƙen fata, kuma ta yi suna wajen yaye injiniyoyi. Ɗalibanta huɗu ne suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960, suka ƙi tashi duk da an ƙi sayar musu don su baƙaƙe ne, a shekarar da Najeriya da Nijar suka sami 'yanci. Guguwar da irinsu suka tayar ce ta share fagen dokar shige da fice ta 1965, wadda ta kawar da fifita Turawa. Ta ƙofar da suka buɗe za ka shigo.

Shi kuma zancen namu sun fi ƙoƙari, ka tuna su wa ke samun biza. Mai digiri ne, mai kuɗin jirgi, mai wanda zai tsaya masa. An tankaɗe mu kafin mu iso, sannan a kwatanta mu da al'umma sukutum, har da waɗanda aka danne kakanninsu ɗaruruwan shekaru. Wannan ba adalci ba ne, kuma yana ruɗar mu mu saki jiki.

Ka kula da mazan nan biyu musamman. A 2018 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun bi diddigin yara kusan miliyan 20, suka gano cewa yaro namiji baƙar fata, ko a gidan masu hali ya tashi, ya fi takwaransa fari saurin zamewa ƙasa in ya girma. Mata baƙaƙe kuwa samunsu ya yi kusa da na fararen da suka tashi a gida mai irin wannan ƙarfin. Sun kuma lura cewa yaran sun fi yin kyau a unguwannin da iyaye maza baƙaƙe suke nan a gidajensu. Shekara biyu kacal harshen 'ya'yanka zai juye, kuma ɗan sanda ko malamin aji ba zai tambaye su ko Kanawa ne ba. Baƙaƙen yara zai gani. Don haka in an yi maka tayin aiki na biyu, ka auna shi da awannin da zai ɗauke ka daga gida. Ni na bar aikin dare albashina ya ragu, ban taɓa nadama ba.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Da yawanmu a nan muna zuba adashi mu tura a gina bene a gida, benen da ba mai kwana cikinsa sai maigadi, ranar da yaro ya gama sakandare kuma a tura shi cin bashi mai ruwa. Ban ce ka manta da Inna ba, haƙƙinta na gaba da komai. Amma ka buɗe wa kowane yaro asusun karatu da ake kira 529 tun watan farko, ko dala ashirin ce. In lokaci ya yi ku cike fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, FAFSA, da wuri, ta nan ake samun tallafin Pell, wanda ba a mayarwa, yana kaiwa dala 7,395 a shekara. A jihar nan ɗan sakandare yana iya ɗaukar darussan kwaleji ba tare da kuɗin koyarwa ba, kuma akwai jami'o'in gwamnati huɗu, ciki har da Fayetteville State da Elizabeth City State, da ɗan jiha ke biyan dala 500 kacal kuɗin koyarwa a zango. Kada sunan babbar jami'a ya ja ku cikin bashin da yaro zai kai shekara arba'in yana biya. Ita ma 'yar autar, asusunta daidai da na yayyenta.

Hausa kuma a bakinku take, kai da maman yara. In kun daina yi da su a gida, islamiyyar Asabar da Lahadi ba za ta dawo musu da ita ba, ranar da Inna ta kira waya sai dai su yi ta murmushi.

Kafin ku taso ka karɓo takardun sakamakon yaran na shekara biyu da suka wuce, da katinan rigakafinsu, don za su yi amfani wajen rajista. Ka ɗauki hotonsu ka turo min in fara dubawa. Na riga na ware unguwanni biyu da nake so ka gani. In kun huta gajiya zan kai ku titin Elm, inda kantin nan ya zama gidan tarihi, yaran su ga kujerun da idonsu. Daga nan mu biya mu gaida dattijuwar. Ƙafa ta yi mata nauyi yanzu, amma na gaya mata kuna tafe, ta ce a zo mata da littattafan lissafinsu.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Yayanka.