Na fara koyon haɗa shafin intanet amma gwiwata ta yi sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Zariya, na haura shekara 30, ina da mata da yara. Tun bara na fara koyon haɗa shafukan intanet saboda albashin baya kai mu ƙarshen wata. HTML da CSS sun tafi lafiya lau, amma tunda na shiga JavaScript kaina ya kulle, in ina kallon bidiyo a YouTube sai in ji kamar na gane komai, ina rufewa sai in rasa ta inda zan fara. Ga rashin wuta ga kuɗin data, ga yara ƙanana ina gani suna cewa sun samu aikin dala. Dan Allah in haƙura ne, ko in ajiye koyarwar in fuskanci abun gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka ajiye aikinka, wallahi kar ka ajiye. Mai tunanin abun da za a ɗora a tukunya gobe kansa baya ɗaukar karatu, albashin nan da kake rainawa shi ke siya maka data da kwanciyar hankali. Batun shekaru kuma cire shi a ranka, Quincy Larson da ya buɗe freeCodeCamp, shafin koyar da haɗa shafuka kyauta, a 2014 shima harkar makaranta yake yi, sai da ya haura 30 ya fara koyo.

Toh matsalar taka ba ta ƙwaƙwalwa bace, kallon ne ya yi yawa. Kai malami ne ka fi ni sani, yaron da ya zauna yana kallonka kana lissafi a allo zai rantse ya iya, sai ka miƙa masa alli ido ya raina fata. HTML da CSS tsara shafi suke yi da ƙawata shi, kana rubutawa kana ganin sakamako nan take shi yasa suke da daɗi, amma JavaScript tunani yake buƙata, in an danna nan me zai faru, in ba a cike wancan gurbin ba fa, kuma kusan kowa a daidai nan yake tsayawa ya fara zargin kansa.

Ka rage bidiyo ka nemo aiki guda na gaske. Ga makarantarku nan, haɗa ɗan shafin da malami zai zuba makin gwaji da na jarabawa ya fitar masa da jimla da matsayin kowane yaro. Zai baka wahala sosai, za ka kwana biyu a kan kuskure ɗaya, ka karanta jan rubutun da burauza ke nuna maka, ka duba MDN, shafin da ke bayanin HTML, CSS da JavaScript dalla-dalla, ka sake gwadawa. Ranar da ya yi aiki har abokin aikinka ya yi amfani da shi, ƙarfin gwiwar da kake nema da kansa zai dawo. Ka ɗora shi a GitHub, shafin da masu wannan sana'a ke ajiye aikinsu don a gani, ko da bai yi kyau ba, masu ɗaukar aiki abun da ka haɗa suke son gani.

Kuma ka tsaya a manhaja ɗaya, ko freeCodeCamp ko The Odin Project, duk kyauta ne, React, wato kayan aikin da aka gina a kan JavaScript, ta jira tukunna. Awa ɗaya bayan asuba kullum ta fi kwanan zaune ranar Asabar kaɗai. In babu wuta ka rubuta matakan a takarda, ana kawowa sai ka buga.

Zaman kaɗaici ma yana kashe zuciya, ka leƙa CoLab, cibiyar masu fasahar kwamfuta, in ka shiga Kaduna, ko DevFest, taron masu haɗa shafuka da manhajoji, ka sa ido a kan shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Masu hoton dala kuwa, ba wanda ke ɗora hoton watannin da ya yi ba ko sisi. Kuɗinka na farko wataƙila daga mai shagon yadi ko wata Islamiyya a unguwarku zai fito, ka karɓa da hannu biyu ka yi musu aikin tsakani da Allah. Allah ya dafa maka Malam, in ka gama shafin makin ka rubuto mana.