Tambaya da Amsa: Mi ke hana masu jarin waje zuwa Sakkwato?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne nan Sakkwato. Kullum muna ji a rediyo manya sun tai ƙasashen waje neman masu zuba jari, mu dai har yau ba mu ga kowa ba, alhali ga albasa ga tafarnuwa ga fatar jar akuya ga ruwan Goronyo. Mi ke hana su zowa? Mai karatu daga Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in maido maka tambayar. In anka ce ka loda tirela guda ta albasa bashi zuwa garin da ba ka san sarkin kasuwarsu ba, kuma in rigima ta tashi ba mai raba ku, za ka loda? Ko ribar ta kai nawa ba ka lodawa. To shi ma Bature ko ɗan China da kuɗinshi haka yake lissafi, ya san arzikin na nan, fita da kuɗinshi lafiya ita ce damuwarshi.

Ka tuna a 2022 jirgin Emirates ya daina zuwa Najeriya don kuɗin tikitin da ya saida sun maƙale, ba dalar da za a ba shi ya fitar. Sai a Yunin 2023 anka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 cikin 2024, ke nan wanda ya shigo da dala miliyan ɗaya ya canza ta a tsohon farashi in ya tashi maida ta ko kashi ɗaya cikin uku da ƙyar ya samu, bai yi asara a ciniki ba, ba a yi mishi sata ba, kuɗin dai sun narke. A shekarar 2023 ɗin manyan kamfanonin waje irin GSK mai magani da P&G sunka ce za su sauya salo su koma aiko da kaya daga waje.

Zancen iyakar Illela kuwa kai za ka ba ni labari. An rufe a Agustan 2019 sai Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 sai Maris 2024. Ban ce gwamnati ba ta da dalili ba, amma mai gina masana'anta lissafin shekara goma yake, bai iya kwana da kasuwar Konni ya tashi babu ita. Ƙara da fili, dokar 1978 ta sa ƙasa hannun gwamna, sai da sa hannunshi cinikin fili ke tabbata, ga shari'a in ta shiga kotu sai an yi shekaru. Tsaron su Isa da Sabon Birni ba sai na faɗa ba.

Za ka ce to simintin Kalambaina fa? An kafa shi tun 1962, a 2000 kamfanin Scancem na Norway ya shigo, ya fita a 2008, yanzu yana hannun BUA. Wannan dutsen siminti ne ya riƙe shi, dutsen bai tashi ya koma wani gari, dalilin da ya sa kamfanonin mai sunka daɗe a Neja Delta ke nan duk da rigima. Amma injin busar da albasa ko majema, ko'ina ana iya dasa su, Kano ko Habasha ko Maroko, sai a aiko maka dillali ya saye ɗanyen kaya a tafi da shi. Irin jarin da kake so, mai ɗaukar yaranmu aiki, shi ya fi kowane tsoron mulkin da bai da tabbas. Ni a ganina ma kafin baƙo ya zo sai ya dubi attajiranmu, in ya ga kuɗinsu na tafiya gidajen Abuja ya gama samun amsa.

TAMBAYA: An ce doka ta hana baƙo mallakar kamfani shi kaɗai sai da ɗan ƙasa, gaskiya ne? Ɗaliba daga Gawon Nama

AMSA: Tsohon zance ne ƙanwata, na dokokin 1972 da 1977. Tun 1995 dokar hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC ta ba baƙo damar mallakar kamfani ɗari bisa ɗari, ban da 'yan sana'o'i irin ƙera makamai.