Yaya ya ce dole sai an kai gawata gida

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 19 a Landan ina tuƙin bas, ina da takardar zama ta dindindin. A gida aka ɗaura mana aure, matata da 'ya'yanmu uku suna nan tare da ni, babban namiji ne ɗan shekara 15. Wata mai zuwa za a yi mini aikin zuciya. Na gaya wa Yayana idan ta Allah ta kasance a yi mini sutura a nan cikin gaggawa, ya ce a gidanmu ba a taɓa barin gawa a ƙasar Turawa ba, dole a kawo ni kusa da Baba, kuma Hajiya ba za ta yafe ba. Na yi masa saƙon murya a WhatsApp na faɗi abin da nake so, na ce kuma shi ne wasiyyina tunda shi ne babba. Akwai wani ɗan ƙasarmu da ke karɓar fam 30 duk wata, ya ce duk wanda ya rasu shi zai kai gawarsa gida. Yaya ya ce in shiga. Barci ya gagare ni.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa a yi aikin a sa'a, Ya tashi kafaɗunka. Kada wani ya ce maka kana yi wa kanka mugun fata. Hadisin Ibn Umar ya hana Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba, aya ta 106 a Suratul Ma'ida kuma a kan irinku ta yi magana, wanda mutuwa ta riska yana kan tafiya a bayan ƙasa.

Sai dai ka yi kuskure babba a saƙon nan. A dokar Ingila, abin da mutum ya faɗa game da jana'izarsa ba ya ɗaure kowa, ko da a cikin wasiyyar da lauya ya rubuta ne. Roƙo ne kawai. Mai iko da gawa shi ne wasiyyin da aka naɗa. Kai kuwa ka ɗauki wannan matsayi ka miƙa wa mutum ɗaya tilo da ya gaya maka baki da baki cewa ba zai bi maganarka ba.

Sa'ar da ka ci, saƙon murya ba wasiyya ba ne a nan. Dokar wasiyya ta 1837 ce har yau take aiki: a rubuce, ka sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci guda, su ma su sa nasu a gabanka. Shaidan da aka bar wa wani abu a wasiyyar ya rasa shi, haka in mijinsa ko matarsa aka bar wa, don haka matarka ba ta shaida. Abokan aiki biyu ko maƙwabta sun isa. Idan ka rasu yau babu wannan takarda, matarka ce ke gaba a wurin hukuma. Amma ka san yadda abin ke kasancewa. Mace tana kwana na farko a takaba, waya tana ta ruri, an saka muryar mijinta a zauren dangi na WhatsApp daidai inda yake cewa "Yaya, kai ne wasiyyina", an yanke sauran. Mata kaɗan ne ke iya cewa a'a a wannan hali.

Saboda haka ka naɗa wasiyyai biyu mazauna Ingila: matarka, da wani namiji mai amana, mai kaurin wuya, wanda zai iya ɗaga wayar Yaya ya gaishe shi da ladabi ya ce masa ga abin da marigayi ya rubuta. Doka ta yarda wasiyyi ya zama magaji. Ka tambaye shi tukuna, kada ya ji a bakin lauya. Wasiyyin da ke Najeriya kuwa, ko da ra'ayinku ɗaya, sai ya nemi biza, kai kana kwance a firjin asibiti.

Yanzu ga abin da "a kawo shi gida" yake nufi, don na tabbata Yaya bai taɓa gani ba. Ba a fitar da gawa daga Ingila sai da izinin jami'in shari'a mai binciken musabbabin mutuwa, wanda suke kira korona, ba cutar nan ba. Ana cika masa fom 104, a ƙa'ida a jira cikakkun kwanaki huɗu, sannan ya ba da fom 103. Kamfanonin jirgi galibi ba sa ɗaukar gawar da ba a yi wa aikin hana ruɓewa ba: a tsaga jijiya, a zuƙe jini, a ɗura sinadarin fomalin. Sai akwati mai rufin tutiya daga ciki, a like shi ruf. Sai takardar mutuwa, da takardar cewa babu cuta mai yaɗuwa, da fasfo, da takardun ofishin jakadancin Najeriya a Landan. A sashen kaya na jirgin ake saka shi, a auna a caje ku da kilo. Jirgin kai-tsaye a Legas ko Abuja yake sauka, daga nan sai mota. Mako ɗaya zuwa biyu idan komai ya tafi daidai, da dubban fam. Mutumin da a gida za a yi wa wanka da hantsi a kai shi makwancinsa kafin azahar.

Kai kuma akwai ƙari. Mutuwar da ake ganin tana da alaƙa da tiyata ana kai rahotonta wurin korona, kuma yana da ikon sa a yanka gawa ko iyali ba su so ba. Ana iya roƙonsa a yi hoton sikan na CT a maimakon wuƙa. Shi ke yanke hukunci, kuma a wurare da dama iyali ke biya. Ka rubuta wannan roƙo tun yanzu, ka ware kuɗinsa. Tun 9 ga Satumba 2024 ma, duk mutuwar da ba ta je hannun korona ba sai wani likita na daban, wanda bai yi jinyar mamacin ba, ya duba musabbabinta kafin a yi rajista, don haka ko a nan za a binne ka, a sa ran kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki.

Ta fuskar addini Yaya ba shi da abin riƙewa mai ƙarfi. Umarnin Annabi (SAW) shi ne a gaggauta jana'iza. Shahidan Uhudu da aka fara ɗauka zuwa Madina cewa aka yi a mayar da su inda suka faɗi. Nana A'isha, da aka ɗauko ɗan'uwanta Abdurrahman daga inda ya rasu aka kai Makka, cewa ta yi da tana nan da ba a binne shi ba sai inda ya cika. Gaskiya ne Malikawa sun halatta ɗaukar gawa zuwa wani gari, kuma an ɗauko Sa'ad bin Abi Waƙƙas daga Aƙiƙ zuwa Madina, amma tafiyar 'yan mil ce, kuma sharaɗin shi ne kada a keta alfarmar mamaci. Ka kai wa malamin da ka yarda da shi bayanin fomalin ɗin nan dalla-dalla ka ji abin da zai ce. Ƙasar Ingila kuma ta Allah ce. Akwai maƙabartun Musulmi zalla kamar Gardens of Peace a Hainault, akwai ɓangaren Musulmi a maƙabartun ƙananan hukumomi da yawa, kuma dokar ƙasa ba ta tilasta akwati ba, sai dai in ƙa'idar maƙabartar ce. Ka lura da biyu: ta ƙaramar hukuma galibi tana ninka kuɗi ga wanda ba mazaunin yankin ba, kuma haƙƙin kabarin na wasu shekaru ne da aka ƙayyade, ka tambayi nawa.

Bari in faɗi wadda ba za a so ba. Kuɗin jigilar nan daga dukiyarka za a cire shi kafin a raba gado, wato daga bakin marayu uku. Tunda kana da ɗa namiji, Yaya ba magajinka ba ne, ko sisinsa ba za ta yi ciwon kai ba. A yawancin irin wannan rigima da ta zo gabanmu, masu ɗaga murya a kan "mutuncin gida" ba sa cikin masu tura kuɗi, kuma abin da ake karewa shi ne kada a ce a unguwa sun bar ɗan'uwansu a Turai. Ganin ido ne. Yaran da za su riƙa ziyartar kabarinka suna yi maka addu'a a Landan suke, matar da za ta yi wata huɗu da kwana goma tana takaba a ɗakinta na Landan za ta yi.

Mai karɓar fam 30 kuwa, ka yi nesa da shi. Tun 29 ga Yuli 2022 duk mai sayar da shirin jana'iza na biya-kafin-lokaci a Birtaniya sai da lasisin FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, kuma rajistarsu tana intanet, minti biyu ya ishe ka ka duba sunansa. A shekarar ce kamfanin Safe Hands ya durƙushe da kuɗin mutane kusan 46,000, kamfani mai ofis da talla, balle mutum ɗaya da lambar waya. Salon waɗannan dillalai ɗaya ne. Kuɗin yana shiga asusun kansa, babu lambar yarjejeniya, babu takardar da ta faɗi abin da zai biya. Ran da aka yi rasuwa sai ya ce marigayi ya tsallake wata biyu, ko ya ce kuɗin jirgi ya tashi a cika. Ya karɓe fasfo da asalin takardar mutuwa, daga nan iyali sun shiga hannunsa. In gawa ta sauka kuma wani yaronsa ya ɓullo da "kuɗin fito". Asusun jana'iza na masallaci daban ne, kuma da yawansu suna aiki tsakani da Allah, amma shi ma ka nemi ƙa'idojinsa a rubuce, ka ga asusun banki da sunan ƙungiya da masu sa hannu biyu, ka tambaya ko akwai wa'adin jira ga sabon shiga. Inshorar rai da aka saya ana saura wata guda tiyata, ko dai tana da wa'adin jira na shekara ɗaya ko biyu, ko a ƙi biya in an ɓoye ciwon. Abin da ya fi maka sauƙi: ware kuɗin a banki. Ana rufe asusun mamaci da zarar an sanar, amma bankuna kan biya kamfanin jana'iza kai-tsaye in an kai musu takardar caji da ta mutuwa. Ka tabbata kuma matarka tana da asusu da sunanta mai kuɗin cefanen wata biyu ko uku.

Batun gado ka bar wa lauyan da ya saba rubuta wa Musulmi, amma ka san me ya sa ba a wasa da shi. In babu wasiyya, kuma doka ta ɗauki Ingila a matsayin mazauninka na dindindin, matarka ke ɗaukar kayan amfaninka da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, yara su ɗauki ɗaya rabin, Hajiya ba ta da komai. A Musulunci Hajiya tana da sudusi, matarka tumuni. Sai ka rubuta ne za a bi na Musulunci, kuma ka zauna da matarka a kai, don dokar 1975 ta ba ta damar ƙalubalanta in abin da aka bar mata bai wadatar ba. Fansho da kuɗin rasuwa na wurin aiki ba sa bin wasiyya, fom ɗin da ka cika ranar ɗaukar aiki ake dubawa, je ka ga sunan wa ke ciki. Gida ko fili a Najeriya dokar can ke hukunta shi. In za ka yi wasiyya biyu, ka gaya wa kowane lauya akwai ɗayar, kada jimlar "na soke duk wasiyyoyin baya" ta kashe ta farko. Ka naɗa mai riƙon yara in ku biyun kuka rasu. Ka nemo takardar aurenku ka ajiye. In kana so ka kyautata wa Yaya, cikin sulusi ka bar masa wani abu, ya halatta tunda ba magaji ba ne.

Wasiyyar dukiya sau da yawa sai bayan an dawo daga maƙabarta ake buɗe ta. Don haka umarnin jana'iza a takarda ɗaya daban yake zama, da kwanan wata da sa hannunka: a binne ni a inda na rasu, in a Ingila a Ingila, in ina ziyara a gida a gida, ba fomalin, ba jirgi, masallacin da zai yi wanka da salla da lambar mai kula da jana'izarsu, maƙabarta ta farko da ta biyu, roƙon sikan, wanda ke bina da wanda nake bi, har adashi da amanar da ke hannuna. Ka rubuta matsayinka a kan kyautar sassan jiki, ka kuma shigar da shi a rajistar hukumar lafiya ta NHS, don tun 20 ga Mayu 2020 wanda bai ce komai ba a Ingila ana ɗauka ya yarda. Kwafi ga matarka, ga wasiyyi na biyu, ga liman. Kada ka maƙala ta da asalin wasiyyar, ramin allura ko sawun kilif kan sa kotu ta tambayi takardar da aka cire.

Saura Hajiya. Ba ka ce ita ta faɗa maka ba za ta yafe ba, Yaya ne ya faɗa da yawunta. Kira ta da kanka lokacin da ba kowa kusa, ka nemi gafararta da addu'arta saboda aikin, sannan ka gaya mata abin da ake yi wa gawa kafin a sa ta a jirgi, da cewa akwati a like zai iso bayan mako biyu. Ka ce kuɗin da za a ba jirgi ka fi so a haƙa rijiya da sunan Baba. In ta sa albarka, ka roƙe ta ta faɗa wa Baffanku. Sai ranar da ka sa hannu a gaban shaidu ka rubuta wa Yaya, a rubuce, da girmamawa, cewa ka janye saƙon baya, ka sauke masa nauyin saboda nisa da wahalar biza, ga sunayen waɗanda ka naɗa. Ka tura wa Baffa kwafi a ranar.