Juya ƙyallen ka duba bayansa

Ɗana, ka tambayi dalilin da ya sa tsofaffin ƙyallayen koyon ɗinki na 'yan matan Ingila, masu jerin haruffa da furanni, ake samun bayansu fes kamar gabansu, alhali naka bayansa duk ƙulli ne da zare a hargitse. To, ai ba don ado aka fara yin su ba.

Sunansu da Turanci, "sampler", tushensa ɗaya da "samfur" da muke faɗa a kasuwa. Tun littattafan zane ba su wadata ba, mace in ta ga zanen da ya yi mata, sai ta ɗinka shi a ƙyallen lilin ta ajiye don gobe. Mafi tsufa mai ɗauke da shekara a Ingila shi ne na Jane Bostocke, na 1598, yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. A ƙarni na 17 ƙyallen dogo ne siriri, faɗinsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, a naɗe shi a sa a akwatin ɗinki. Daga nan ya koma darasin yara, mataki bayan mataki. Martha Edlin ta gama mai launi a 1668 tana shekara 8, ta yi na farin zare a kan fari a 1669, sannan a 1671 ta kai ga lulluɓe ƙaramin akwati da aikin allura.

Haruffan nan da lambobi su ne amsar tambayarka. Babban gida yana da zannuwan gado da tawul masu yawa, kowanne sai an ɗinka masa farkon sunan mai shi da lambarsa, don kada ya ɓata wajen wanki. Zanin gado kuwa ana ganinsa ciki da bai, ba inda za a ɓoye ƙazantar aiki. Shi ya sa marayun gidan George Müller na Bristol, a ƙarni na 19, suke cika ƙyalle da jerin haruffa na jan zare: yarinya za ta tafi aikatau, ƙyallen ne shaidar hannunta. In ka ga jerin da babu J ko U, kada ka ce kuskure ta yi, a da I da V ne ke tsaya musu.

Ga yadda ake yi. Nemi lilin mai daidaitacciyar saƙa, zare 28 zuwa 32 a inci, da allura mai dakusasshen baki, wadda za ta raba zaren ƙyallen ba tare da ta tsaga shi ba. Zaren siliki kada ya wuce kamu ɗaya, wajen santimita 45. In ya fi haka yana gogewa da yawan shiga da fita, ya yi gashi, sheƙinsa ya mutu. Don layi mai fuska biyu, tsallake zare 2 ta sama, 2 ta ƙasa, har ƙarshen zanen, sannan ka juyo ka cike giɓin ta ramukan da ka bi ɗazu. A dawowar nan ake ɓata aiki: in allura ta huda zaren farko, layin ya karkace. Ka riƙa shiga ta saman zaren farko kana fita ta ƙasansa, kada ka sauya.

Ƙulli babu shi sam. Bar wutsiya kamar santimita 5, in ka gama ka cusa ta ƙarƙashin ɗinkin. Kada ka ja zare daga harafi zuwa harafi ta baya, yana bayyana ta cikin farin ƙyalle. A ɗinkin gicciye, kowane gicciye kan zare 2 yake hawa, kuma zaren sama ya fuskanci gefe ɗaya tun daga farko, in ba haka ba haske ya tona maka asiri. Kuskuren ƙirga na zare ɗaya tak ya isa ya hana kusurwar zanen da ya kewaye ƙyallen haɗuwa, saboda haka fara daga tsakiya, ka yi alamar wucin gadi bayan kowane zare 10.

In tsoho ya shigo hannunka, bayansa za ka fara dubawa, don can launin asali yake, rana ba ta ci shi ba. Inda ka ga ramukan allura babu zare, galibi baƙin siliki ne, ƙarfen da aka sa a rininsa ya cinye shi. Na ƙarni na 18 da aka yi a kan ƙyallen ulu kuwa asu ke huda su. Kada ka wanke, kada ka goge. Shimfiɗa shi a kwance a wuri busasshe, nesa da rana.