Ku Tambayi Injiniya: Me ya sa kowace kwamfuta sai an ja mata kebul ɗinta?

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan haɗa kwamfutoci suka zo, sai na zaɓo huɗu na amsa su tare.

TAMBAYA: Malam ina da wajen koyar da kwamfuta a Zariya, guda 14 ne da firinta ɗaya, na kira mai haɗa netwok yace sai na sayi suwic kuma kowace kwamfuta sai an ja mata kebul ɗinta daban, wai tsarin tauraro. Ni dai gani nake so yake ya ci kuɗin kebul, me zai hana a ja guda ɗaya ya bi ta kansu duka?

AMSA: Alhaji ka yi wa bawan Allahn nan adalci, gaskiya ya faɗa maka. Abin da kake so ɗin an yi shi a da, sunansa tsarin bas, kebul ɗaya ne mai kauri irin na eriyar talabijin ake shimfiɗawa kowace kwamfuta ta maƙale a jikinsa, a toshe bakinsa biyu da wani ɗan ƙarfe. Da haka Ethernet, wato fasahar haɗa kwamfutoci da kebul, ita ma ta fara, wadda Bob Metcalfe ya ƙirƙiro a kamfanin Xerox a Amurka a 1973. Kebul ɗin bas da ya fi yaɗuwa a ofisoshi daga baya tsawonsa baya wuce mita 185 kuma kwamfuta 30 ce iyakarsa. Yana da arha kam, amma duk wanda ya yi aiki da shi zai gaya maka azabarsa, waje ɗaya ya kwance ko ɓera ya ɗan gwaguya shikenan duka ɗakin ya mutu, kuma ba abin da zai nuna maka inda matsalar take sai dai ka durƙusa kana bin ƙarƙashin tebura ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuma duk a hanya ɗaya suke magana, kamar majalisar ƙofar gida, in mutum biyu suka buɗe baki lokaci guda sai duk su yi shiru kowa ya ɗan jira sannan a sake, yawan jama'a yawan karo.

A tsarin tauraro kuwa kowa da hanyarsa zuwa suwic, wato ɗan akwati mai ramuka da duk kebul ɗin ke haɗuwa a jikinsa. In kebul ɗin kwamfuta ta bakwai ya lalace ita kaɗai ce zata tsaya, ka duba fuskar suwic ka ga fitilar ramin ta mutu, ka gane a take, ɗalibai 13 na ci gaba da aikinsu. Shi suwic ɗin kamar mai unguwa yake, ya san gidan kowa, saƙon wane wajen wane kawai zai kai. Akwai yayansa da ake kira hob wanda shi sankira ne, duk abin da aka bashi sai ya shelanta wa kowa, in wani ya kawo maka shi a tsofaffin kaya kar ka karɓa ko kyauta ne.

Maganar kuɗin kebul kuma, kwali ɗaya na kebul ɗin netwok da ake kira Cat6 mita 305 ne, ko kowace kwamfuta ta ci mita 15 lissafin bai wuce 210 ba, kaga har da saura. Abin da zaka sa wa ido shine a sayo mai jan ƙarfe zalla, don akwai na alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, yana karyewa da wuri. Kebul ɗaya kar ya wuce mita 100. Sannan kar ka sayi suwic mai rami 16, kwamfuta 14 da firinta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, sun cinye shi tas, ranar da ka ƙaro kwamfuta ɗaya sai ka fara jona ƙaramin suwic a bayan wani, a haka ake komawa gidan jiya. Sayi mai 24 ka huta.

Inda tauraro ke da rauni waje ɗaya ne, suwic ɗin kansa, in ya mutu kowa ya mutu. Mu a nan kuma ba tsufa ke kashe shi ba, wuta ce, a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi, ko tsawa da damina. Ka sa shi a kan UPS ko inbata, ka ɗaga shi sama inda iska ke shiga ƙura bata cika shi. Wani abu kuma da na sha gani, yaro ya ga kebul yana reto sai ya yi taimako ya soke bakinsa na biyu a cikin suwic ɗin da ya fito, saƙo ya dinga zagaye ba tsayawa fitilu duk suna ƙyaftawa tare kamar gidan biki, netwok ya tsaya cak. Wata injiniya Radia Perlman ta samo maganin wannan tun 1985, manyan suwic suna zuwa da shi, amma yawancin ƙananan na kasuwa basu da shi. Don haka a rubuta wa kowane kebul lamba a bakinsa biyu, a zana taswirar a takarda a manna a bango.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce daga Maraɗi, an koya mana tsarin zobe amma ban taɓa ganinsa ba, har yanzu ana amfani da shi?

AMSA: Ƙanwata a ofis da wuya ki gan shi yanzu. Kamfanin IBM ne ya fito da nasa a 1985, kwamfutocin a haɗe suke a da'ira kamar zobe, wata alama ce ke zagayawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, wadda ta riƙe ta ita ke da damar magana, kamar ludayi ɗaya a ƙwaryar fura, sai ya zo hannunki zaki sha. Ba karo ba rigima, amma tsada ta kashe shi da Ethernet ta yi arha. Sai dai zoben bai mutu ba, kamfanonin sadarwa har gobe suna shimfiɗa kebul ɗin faiba a zagaye gari, in masu aikin titi suka tsinke ta nan sai saƙo ya juya ya bi ta ɗaya ɓangaren. Ki rubuta wannan a jarrabawa.

TAMBAYA: Rautarmu tana falon maigida, ɗakina yana can ƙurya, waifai baya kaiwa sai na fito tsakar gida. Ance in sayi abin ƙara ƙarfi. Daga wata uwargida a Kaduna.

AMSA: Hajiya waifai ɗin gida ma tauraro ne, rauta ce a tsakiya wayoyinku na kewaye da ita, sai dai ku kun ajiye tsakiyar a gefe. Kafin ki kashe ko sisi a lallaɓa maigida a matso da ita tsakiyar gidan a ɗora ta sama, ba bayan talabijin ko cikin durowa ba. In tana nuna suna biyu ki zaɓi na 2.4, ya fi na 5 ratsa bango duk da bai kai shi gudu ba. Shi abin ƙara ƙarfin ji yake ya maimaita, don haka sau da yawa kusan rabin gudun ke tafiya, kuma in kika sa shi a ɗakinki inda siginar ta riga ta mutu ba abin da zai maimaita, rabin hanya ake sa shi. Wanda ya fi duka a ja kebul ɗaya daga falon zuwa ɓangarenki a sa wata rautar a can, bangon bulo bai san wannan ba.

TAMBAYA: Ance intanet saƙar raga ce, in hanya ɗaya ta yanke akwai wata. To me ya sa a azumin 2024 komai ya tsaya har tiransifa ta gagara? Daga wani mai POS a Kano.

AMSA: Tambayar nan ta min daɗi ɗan'uwa. Eh raga ce, tunanin ma tsoho ne, Paul Baran ya rubuta shi a 1964, cewa in kowane waje yana da hanyoyi da yawa ba mai iya kashe netwok da bugu ɗaya. Amma raga a takarda daban, inda igiyoyin suka bi a ƙasa daban. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu ne suka lalace, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, duk a yankin tekun Kwaddibuwa, saboda kusan ta lungu ɗaya suke wucewa. Wato hanya huɗu ce amma duk gada ɗaya suka hau. Najeriya da Ghana da maƙwabta da dama duk sun ji a jikinsu, kai da ke Kano ma intanet ɗinka ta bakin teku a Legas mafi yawanta ke shigowa, balle Nijar da bata da teku sai ta maƙwabta. Amma ka lura ba a yi duhu gaba ɗaya ba, igiyoyi irin Equiano na Google da Glo-1 basu yanke ba, aka dinga karkatar da kaya ta kansu, shi ya sa abubuwa suka fara dawowa a hankali tun kafin jiragen gyara su gama aikinsu, wanda ya ɗau makonni.

Kai ma a shagonka haka ne, in kana da layi biyu ka tabbatar na kamfani biyu ne daban, kuma ko hakan wani lokacin zaka tarar duk a kan ƙarfen sabis ɗaya na unguwarku suke, injin wajen ya tsaya duka biyun su ɗauke.