Manhajar 'yan ɗaki: fara da wa ya biya me

Ƙanena, na duba zanen da ka turo mini na manhajar da kake son yi wa masu zaman ɗaki ɗaya, na kuma ga tambayarka, wai ta ina za ka fara: asusun da za su riƙa zuba kuɗi, ko wurin hira, ko jadawalin shara? Babu ko ɗaya. Wurin hirar nan ma ka goge shi yau, suna da WhatsApp, kuma ba za su bar shi saboda kai ba. Ka fara da lissafin wa ya biya me.

Ka ɗauki ɗalibai huɗu na Jami'ar Bayero da suka kama haya a Danbare. Abin da ke haɗa su faɗa ba kuɗin haya ba ne, wannan sau ɗaya ake biyansa a shekara, kowa ya san nasa. Ƙananan ne: katin wutar KEDCO, ɗurin gas, jarkokin mai ga-ruwa, omo da tsintsiya. Wani ya sayi wuta sau uku a jere, kunya ta hana shi magana, yana ta ƙullata a ciki, sai ranar da aka ga ya kulle tukunyar gas ɗinsa a akwati. Aikin manhajarka ta faɗi abin da bakinsa ya kasa faɗa, ba tare da ya zama shi ne mai bin bashi ba.

Saboda haka ka gina ta kamar littafin bashin mai kanti na kirki: ana ƙara layi, ba a yage shafi. Kowane layi ya ɗauki wanda ya biya, nawa, na mene ne, ranar, da waɗanda abin ya shafa. In an yi kuskure, a rubuta sabon layi mai gyara shi, tsohon ya zauna kowa yana gani. Ranar da ka ba mutum ɗaya ikon goge rubutu a ɓoye, sauran ukun sun daina yarda da adadin da ke fuskar wayarsu, kuma daga nan ba ka da manhaja.

Ga lissafin. A ce na farko ya sayi wutar 8,000, na biyu gas na 6,000, na uku ruwan 2,000, na huɗu bai fitar da ko sisi ba. Jimla 16,000, kowa 4,000. Kada ka nuna musu wa ke bin wa a kan kowane abu ɗaya bayan ɗaya, kansu zai ɗaure. Ka fitar da ragowar kowa: na farko yana bin 4,000, na biyu 2,000, ana bin na uku 2,000, na huɗu 4,000. Turawa biyu ta gama magana. Komai yawansu, turawar ba sai ta kai yawan mutanen ba. Splitwise, wata manhajar raba kuɗi tsakanin mutane, ta daɗe tana yin haka, ka sauke ta ka taɓa, babu laifi. Sai dai ka lura, wannan taƙaitawa tana iya sa mutum ya ga an ce ya biya wanda a ganinsa bai taɓa cin kuɗinsa ba. To ka sa maɓallin da in ya danna zai ga layukan da suka haifi adadin, in ba haka ba zai ce an haɗa baki.

Kuɗi kuwa ka ajiye shi a matsayin kwabo, cikakkiyar lamba, ban da mai ɗigo. Buɗe Python, yaren rubuta manhaja, ka tara 0.1 da 0.2, za ka ga wutsiyar lambobin da ke biyo bayan 0.3, don kwamfuta ba ta riƙe lamba mai ɗigo daidai. Naira 10,000 tsakanin mutum uku kwabo 333,333 ne kowa, kwabo ɗaya ya yi saura, kuma dole ka yanke wanda zai ɗauke shi. Ni nakan sa ya riƙa zagayawa.

Inda za ka sha wahala ba a lambobi ba ne, a kalmar "daidai" ne. Ɗaya ya tafi gida Gaya ya yi mako biyu, zai biya ruwan da bai sha ba? Wani yana da hita da dutsen guga, wani cajin waya kawai yake yi. Wani kuma abokinsa ya zo kwana biyu, ga shi har an shiga wata na biyu yana nan. Kada ka yanke musu hukunci, ba kai ne mai unguwa ba. Ba su hanyar cire mutum daga wani layi, ko ba shi kaso biyu, kuma sauran su amince kafin ya hau.

Asusun zuba kuɗin da ka fi ɗoki, bar shi. Riƙe kuɗin jama'a sai da lasisin Babban Bankin Najeriya, kuma ni da kai ba mu da shi. Su tura wa juna ta OPay ko Moniepoint ko bankinsu kamar yadda suka saba, wanda aka tura wa ya danna cewa ya gani. Shi zai tabbatar, ba mai turawa ba, don hoton rasit ba wuyar ƙirƙira gare shi ba. Lambobin wayarsu ma amana ce, akwai dokar kare bayanai ta 2023, kada ka karɓi abin da ba ka buƙata.

Sai ka tuna wayar da za ta ɗauke ta. Je Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, ka samo tsohuwar itel mai ƙaramin ma'aji ka gwada a kai, ka kashe data, ka ga ko mutum zai iya rubuta "ruwa 600" yana tsaye a ƙofar gida mai ga-ruwa na jiransa. Layin ya zauna a wayar cikin SQLite, ƙaramar ma'ajiyar bayanai, in intanet ta dawo ya tafi. Ka ba kowane layi lambarsa tun daga wayar, don kada a tura shi sau biyu ya zama bashi biyu.

Jadawalin shara ya jira tukuna. Ranar Asabar ka samu ɗaki ɗaya a Danbare ko Rijiyar Zaki su ba ka lissafinsu na watan jiya, ka yi shi da biro a takarda, ka kawo mini shago mu duba kafin ka taɓa kwamfuta.