Hukuncin Kwana a Jirgin Ruwa Don Yawon Buɗe Ido a Ha Long

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, harkar kasuwanci za ta kai ni Hanoi, babban birnin Biyetnam, tare da maiɗakina. Abokan cinikina sun shirya mana kwana ɗaya a jirgin ruwa a Ha Long, mu ga duwatsun nan da ke tsaye cikin teku. An ce akwai mashaya a jirgin. Ya halatta mu je? Kuma yaya za mu yi da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya ɗan'uwa, asalin wannan tafiya halas ce. Allah Ya umarci bayinsa su yi tafiya a ban ƙasa su dubi halittarsa, kuma ɗaruruwan tsibiran Ha Long, waɗanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1994, sun isa abin lura. Sai dai halascin yana da sharuɗɗa.

Na farko kuɓutar rai. Malamanmu sun ce teku tamkar tudu take, sai in halaka ta rinjaya. A watan Fabrairun 2011 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya nutse a can, mutum 12 suka rasu, yawancinsu suna barci. Saboda haka in hukuma ta yi gargaɗin guguwa, musamman daga Yuli zuwa Satumba, ka haƙura ko da ka riga ka biya.

Salla ita ce ta fi damuna. Da aka tambayi Annabi (SAW) game da salla a jirgi, cewa ya yi a yi ta a tsaye sai in ana tsoron nutsewa. Ruwan wajen a kwance yake galibi, don haka ba ka da uzurin zama. Wanda kuwa ya san jiri zai hana shi salla har lokaci ya fita, to kada ya hau. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Jirgin da aka tsayar yakan juya da iska, sai ka sake duba alƙibla kowace salla, in ya juya kana ciki kai ma ka juya.

Tsakanin Hanoi da Ha Long ya haura kilomita 100, ya wuce nisan ƙasaru. Amma a Mukhtasar, Shehu Khalil ya fitar da mai tafiyar wasa daga sunnar ƙasaru, kuma ya keɓe haɗa salloli ga tafiyar tudu kaɗai. Shafi'iyya sun halatta haɗawa a teku. Ni abin da nake gani, mutumin da ke kishingiɗe yana kallon duwatsu wace wahala ce ta same shi? Ka yi ƙasaru in ka so, tunda niyyarka hutawa ce ta halas, amma kowace salla a lokacinta.

Ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushenta halas, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Ku ci kifi da jatan lande da ƙaguwa. Naman alade kuwa ya yawaita a girkin mutanen Biyetnam, har cikin soye-soyen da ake naɗewa, sai ku sanar da masu jirgin tun wajen biyan kuɗi, ku kuma tambaya ko an sa giya a miya.

Mashayar da ke jirgin ba ta haramta hawansa, kamar otal ne. Abin da hadisin Jabir ya hana shi ne zama a teburin da ake shan giya. Ku nemi teburinku daban, in an fara shagalin yamma a saman jirgi ku koma ɗakinku. In abokan cinikin naka ba za su yarda da haka ba, ka ba su haƙuri ka nemi zagayen yini. Wallahu a'alamu.